Gardamar Bayi a Majalisar Amurka

'Yan makaranta, a shekarar 1820 wakilan Amurka suka yi gardama mai zafi bisa bauta. Na Kudu bayi ke noma musu auduga, na Arewa kuwa ba su so bauta ta yaɗu ba. Sai aka ja layi bisa sababbin ƙasashen yamma, aka ce arewa da shi ba bauta, in ban da Misuri. Ƙura ta lafa.

A 1854 aka soke layin nan. To, daga nan zama ya gagara. Tun Disamba 1855 Majalisar Wakilai ta yi wata biyu ba shugaba, sai da aka jefa ƙuri'a sau 133 kana Nathaniel Banks ya samu. Cikin Mayu 1856 kuma wani wakilin Kudu, Preston Brooks, ya tarad da Charles Sumner a zauren dattawa, ya yi ta dukansa da sanda har ya suma.

Mu dai ba mu yi mamaki ba. Ƙasa tana rabuwa biyu, amma in wannan ya ce mutum ɗa ne, wancan ya ce dukiya ne, ina za a tsaga? A 1860 dattijo Crittenden ya roƙa a mai da layin, aka ƙi. Cikin Afrilu 1861 yaƙin basasa ya tashi.