Tun Ran Gini Ran Zane: Shadawanka da Binciken Kufai Kafin Yanka Fili

Idan aka ambaci Shadawanka a Bauchi, barikin soja ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Kaɗan ne suka san cewa a jikin duwatsun wurin akwai zanen shanu na mutanen da, wanda ke cikin jerin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ba kariya, tare da na Geji da Shira da Birnin Kudu. Hujjar wannan maƙala ita ce irin wannan kariya ta tsaya a fuskar dutse, alhali mafi yawan shaidar tana cikin ƙasar da ke gindinsa.

Zane shi kaɗai ba ya faɗin shekarunsa. Abin da ke faɗi shi ne gawayin murhu, da tsingaro, da ƙashin dabba, da yadda suka kwanta hawa-hawa a cikin ƙasa. Ɗan guntun gawayin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ya isa a auna zamaninsa a ɗakin gwaji, amma sai in an same shi a mazauninsa. Da zarar katafila ta bi ta kai ta cakuɗa na sama da na ƙasa, ko da an tsince tsingaron duka an zuba a kwali, ya zama tarkace. Ga shi tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 gari ke ta cin gonaki, masu fasa dutse kuma na biye da masu gini.

Mun saba tsintar tarihinmu bisa katari. A wajen haƙar kuza aka ci karo da kayan Nok a 1928, kuma kan mutum-mutumin da aka samu a Jama'a, wanda ya isa hannun masanin kufai Bernard Fagg a 1943 sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya. Aikin ceton da aka yi gabanin cikar madatsar Kainji a 1968 ya nuna ana iya riga ruwa isa, sai dai bai zama al'ada ba.

Dokoki kam akwai su. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, mai lamba 86 ta 1992 kuma ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli. Amma garuruwanmu ba da manyan ayyuka suke faɗaɗa ba, da fuloti ɗai-ɗai ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, don haka ofishin da ke yanka fili daban, hukumar da ke lura da kufai daban, kuma mai awo yakan kafa turakunsa ba tare da masanin kufai ya taka wurin ba.

Wani zai ce a yi binciken mana, shi ke nan. Abin da ya faru a Ostireliya ya rushe wannan zato. A watan Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya tarwatsa kogunan dutse na Juukan da nakiya, wuraren da ke ɗauke da shaidar zaman ɗan Adam ta shekara 46,000. Ba rashin bincike ba ne: tonon 2014 ya fito har da igiyar gashin mutum da aka kitsa kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Sai dai izinin rusawa ya riga ya fita tun 2013, a ƙarƙashin wata doka ta 1972, kuma 'yan asalin wurin ba su da hurumin ɗaukaka ƙara. Rahoton tonon ya zo, ya zama ihu bayan hari.

Saboda haka a ganina wurin binciken shi ne gaban takardar mallaka, lokacin da fili ke kan taswira, kafin kowa ya sauke yashi. Kukan tsada da ɓata lokaci yana da ƙanshin gaskiya, musamman ga ma'aikacin da ya yi shekaru yana adashi don fuloti ɗaya. Shi ya sa nauyin ya kamata ya hau kan mai yanka unguwa gaba ɗaya, gwamnati ce ko kamfani. Matakin farko ma ba tono ba ne, zagaye ne da ƙafa na 'yan kwanaki, tare da mai unguwa da maharba da makiyaya, waɗanda suka san inda tsohuwar rijiya take da kogon da ake fakewa in hadari ya taso. Su ne za su nuna wa mai awo gefen da zai kauce wa da turakunsa.