Banadiyom a cikin ɗanyen mai: taƙaitaccen tarihin wata matsala

A cikin wannan ɗan rubutu za mu bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tace mai, wato yadda za a raba ɗanyen mai mai kauri da ma'adinan da ke cikinsa, musamman banadiyom da nikel.

A shekarar 1934 Alfred Treibs, wani masanin kimiyya na Jamus, ya gano forfirin a cikin man fetur. Forfirin zobe ne na ƙwayoyin sinadari, dangin wanda ke ba ganye launin kore, kuma ganinsa ya zama hujja cewa daga rayayyun halittu mai ya samo asali. A tsakiyar wannan zobe banadiyom yake zaune daram. Shi ya sa wankin ruwa ba ya fitar da shi, haka ma dabarar lantarki da Frederick Cottrell ya yi wa rajista a Amurka a 1911, wadda ruwa da gishiri kaɗai take cirewa.

Da farko ba a damu sosai ba. Sai da Eugène Houdry, Bafaranshe, ya kawo fasa mai da taimakon abin da Faransanci ke kira catalyseur a 1937, aka soma ganin ɓarna. (Mu a nan mun zaɓi mu ce masa mazugi, tunda aikinsa zuga ne, muna sane ba kowa zai yarda ba.) Nikel yana sa mazugi haifar da gawayi da haidirojin fiye da kima. Banadiyom kuwa rusa shi yake yi, musamman tun shekarun 1960 da aka koma ga ziyolit. Man Boscán na Benezuwela yana ɗauke da banadiyom fiye da giram 1,000 a kowane tan. Matatu sun fi dogara ga haidirojin, a zafi kusan digiri 400 da matsi mai yawa, hanyar da ke cin kuɗi.

Daga nan ne tunanin lantarki ya dawo. A shekarun 1990 kamfanin Exxon ya yi rajistar hanyoyin da ake haɗa mai da ruwa mai ɗauke da sinadari, a tura wuta, domin zoben ya raunana ya saki ma'adinin ba tare da zafi mai tsanani ba. A 2009 masu bincike na Jami'ar Los Andes da ke Mérida suka buga sakamakon gwajinsu a kan man ƙasarsu.

A ganinmu cikas ɗin a fili yake: mai ba ya bari wuta ta ratsa shi, kwaltar da ke cikinsa kuma tana lulluɓe sandunan lantarkin. Abin da ya yiwu a cikin kwalbar gwaji har yanzu bai zama aikin yau da kullum a matatu ba.