Kuɗin Gyaɗa da Rabon Manomin Ƙasar Wudil

Duk mai neman sanin yadda hukuma ke kashe dukiyar yankin da Allah ya hore wa arziki, to ya dubi tarihin gyaɗa a ƙasar Kano. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman ƙauyuka irin su Lajawa ta ƙasar Wudil suka duƙufa ga nomanta, domin da kuɗinta ake biyan haraji, ake kuma yin sutura da aure. Daga irin waɗannan gonaki ne aka tara dalar gyaɗar da ta fito da sunan Kano.

A 1949 Turawa suka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda ke yanke farashi kowace kaka. A 1954 aka mayar da aikin hannun Hukumar Sayen Amfanin Gona ta Jihar Arewa. Hujjar ita ce a kare manomi daga faɗuwar kasuwa. Amma a yawancin shekaru farashin da aka ba shi bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa ta zama wani haraji wanda ba a kira shi da sunansa ba. Da irin wannan rara Gwamnatin Sardauna ta tallafa wa manyan ayyuka, kamar masaƙar Kaduna a 1957 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ayyuka ne masu amfani ƙwarai, sai dai galibinsu a birane suka tsaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya juya akala zuwa ga ruwa, aka gama madatsar Tiga a 1974. Noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, amma ambaliyar da ke jiƙa fadamun gangaren kogin, daga Wudil zuwa Haɗeja, ta ragu. Fari da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta, man fetur ya gaje gurbinta a baitulmali, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986.

Ashe ke nan kukan da mutanen yankin mai suke yi game da rabon arzikin ƙasa ba baƙo ba ne a kunnen Bakano. Tsarin da bai tambayi mai gona abin da yake bukata ba, ko da ya gina birni, ya bar bashi a ƙauye.