Hoton namun daji a matsayin fasaha: ƙa'idojinsa da abin da yammacin Kano ke da shi

Hoton namun daji iri biyu ne. Akwai na shaida, wanda masana ke ɗauka domin tabbatar da cewa an ga dabba kaza a wuri kaza. Akwai kuma na fasaha, wanda ake bugawa da girma, a rataye a zauren baje koli, a sayar da ƙididdigaggun kwafi ɗauke da sa hannun mai hoton. Abin da ke raba su shi ne zaɓin haske, tsarin hoto da haƙurin jira.

Cikin waɗanda suka fito da wannan fanni akwai Nick Brandt, ɗan Ingila, wanda ya fara aiki a Gabashin Afirka a 2001. Ya ɗauki giwaye da zakuna a baƙi da fari, ba tare da gilashin jawo nesa kusa ba, har dabba ta fito kamar mutumin da ya zauna a ɗauke shi hoto. Da mafarauta suka kashe wasu daga cikin giwayen da ya ɗauka a Amboseli ta Kenya, sai aka kafa gidauniyar Big Life tare da shi a 2010 domin tsaron dajin.

Babbar ƙa'idar fannin ita ce gaskiya. A gasar hotunan namun daji da Gidan Adana Tarihin Halittu na Landan ke shiryawa, an ƙwace kambun 2009 daga wani ɗan Sifaniya, bayan alƙalai sun yanke cewa kyarkecin da ya ɗauka sabon hannu ne, ba na daji ba. Ana iya gyara haske da launi, amma ba a ƙirƙirar dabba ko yanayinta.

A Tudun Kaya da sauran garuruwan Karaye da Rogo, tsuntsaye ne jarin mai kyamara. Madatsar ruwa ta Challawa da ke Karaye, wadda aka kammala a 1992, ta samar da tafki mai jawo zalɓe da balbela, yayin da shamuwa ke isowa gab da faɗuwar damina. Hasken safiya da hazon hunturu na ba hoto laushin da masu wannan sana'a ke nema.

Sai dai madatsar na da wata fuska. Ita da ta Tiga sun rage ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai ke yada zango kowace shekara. Dajin Falgore kuwa, da ke kudancin jihar, ya fi fitowa a labarai kan ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane fiye da namun dajinsa.

Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa ana iya juya akalar. Raƙuman dawan yankin Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, amma kariya ta sa suka haura 600, har aka kai takwas dajin Gadabeji na jihar Maraɗi a 2018.

Saboda haka hoton tsuntsu a bakin Challawa ado ne, kuma shaida ce. Kyansa ya dogara da hukuncin da gwamnati ke yankewa kan rabon ruwa, sare itatuwa da tsaron daji. In aka rasa dabbar, hoton ne kaɗai zai rage.