Ɗafa-goshin "Ultra" da Matsalar Fassara a Ƙasar Ƙonni

Ɗalibin Birnin Ƙonni yana gamuwa da ɗafa-goshin "ultra" ta ƙofa biyu: a littafin Faransanci na makaranta, da kuma a kwalayen kayan da ke shigowa daga Najeriya ta kan iyaka da rubutun Ingilishi. Yawanci ana gaya masa cewa ma'anarsa "ƙwarai" ce. Wannan bayani bai cika ba, kuma giɓinsa zai yi mana illa yanzu da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar.

A Latin, "ultra" tana nufin ƙetare, wato abin da ke can gaba da iyaka. Ma'anar tsanani daga siyasa ta fito. Bayan faɗuwar Napoleon a 1815, wasu masu kishin sarauta a Faransa suka zarce Sarki Louis na 18 kansa wajen son maido da tsohon tsari, aka laƙaba musu sunan "ultra". Daga nan Ingilishi ya ɗauka, ya riƙa manna shi ga duk abin da ya kai maƙura, daga ra'ayi har sabulu.

To amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, kuma a nan mai fassara ke tuntuɓe. Hasken da Johann Ritter ya gano a 1801, wanda ake kira "ultraviolet", ba launin shunayya na albasar Galmi ba ne da ya ƙara turuwa. Haske ne da ke gaba da wannan launi a jerin bakan gizo, inda ido bai kai ba. Malamin da ya ce wa yaran Malbaza "shunayya ainun" ya koyar da kishiyar gaskiya, don ya sa su neman launi a inda babu abin gani.

Hausa ba ta ɗora tsanani a goshin kalma. Tana ajiye shi a baya ta amsa-kama: baƙi ƙirin, ja wur, fari fat, wanda bakin Adar a Illela ke furta "f" ɗinsa da "hw". Ko ta cusa shi cikin jikin sifa, kamar shirgege da zungurere. A amsa-kama, kowane launi da nasa abokin tafiya, ba a musanya su. Ga zarce iyaka kuwa muna da "wuce gona da iri", wadda, kamar ta Latin ɗin, daga fili ta samo asali, da kuma "tsattsauran ra'ayi" ta fagen siyasa.

Don haka ban goyi bayan ƙirƙiro ɗafa-goshi guda da zai tsaya a madadin "ultra" ko'ina ba. Mai shirya littafin kimiyya ya duba kowace kalma, ya tantance ko iyaka aka ƙetare ko ƙarfi aka ƙara, sannan ya zaɓi "gaba da" ko "matuƙa".