Tarihin Auna Ƙonuwar Makamashi a Tukunyar Nukiliya ta Bincike

Tun daga ranar 2 ga Disamba 1942, lokacin da Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da tukunyar nukiliya ta farko a Cikago, masana suke fuskantar tambaya guda: in sandar yuraniyom ta daɗe cikin tukunya, nawa ya ƙone, nawa ya saura? Ba cin wuta muke nufi da ƙonuwa ba, sai dai tsagewar ƙwayoyin zarra na yuraniyom 235. A wannan takarda za mu bi diddigin yadda aka koyi amsa tambayar ba tare da an lalata sandar ba.

Da fari, sai an yanki sandar, an narkar da ita cikin asid, sa'an nan a auna abin da ke ciki. Hanya ce tabbatacciya, amma ga tsada, ga haɗari, sandar kuwa ta tafi ke nan.

Mafita ta fito ne daga tokar da tsagewar take bari. Cikin kowace tsagewa 100, wajen 6 sukan haifar da siziyom 137, wanda sai ya shekara kamar 30 kafin rabinsa ya gushe. Saboda haka taruwa yake yi daidai gwargwadon ƙonuwar. Yana kuma fitar da hasken gama mai ƙarfin keV 662, wanda ke ratsa bawon sanda ya fito. Duk wanda ya iya ƙidaya wannan haske, ya karanta cikin sandar ke nan daga waje.

Wahalar ita ce ma'auni. A 1948 Robert Hofstadter ya samar da na'urar sodiyom ayodaid a Amurka, amma ganinta dishi-dishi ne: hasken siziyom 134 mai ƙarfin 605 yakan cakuɗe mata da na 662. Sai a 1963 Tavendale da Ewan, a cibiyar Chalk River ta Kanada, suka nuna aikin na'urar jamaniyom, wadda take rarrabe kowane haske filla-filla. Daga nan aiki ya daidaita: a bar sandar ta huce cikin ruwa, a gitta ta gaban 'yar kafa a jikin katangar dalma, a ƙidaya hasken gaɓa-gaɓa, a gwada da ma'aunin da aka san ƙarfinsa.

Wannan ci gaba ya zo a kan kari. Yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya ta soma aiki a 1970, ta ɗora wa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya nauyin bin lissafin yuraniyom na ƙasashe. Tukwanen bincike da dama kuwa da yuraniyom mai tsananin tacewa suke aiki a lokacin, irin wanda ake iya ƙera bam da shi. Ashe kayan aikin injiniya ya zama shaidar amana: abin da ƙasa ta rubuta a littafinta, ana iya gwada shi da abin da sandar ta nuna.

Batun bai yi nisa da mu ba. Tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta soma aiki a 2004 da yuraniyom da aka tace zuwa kashi 90 cikin 100. A 2018 aka musanya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin, inda ya fito. Muna ganin duk ƙasar da ta karɓi irin wannan ajiya, wajibi ne ta tanadi 'ya'yanta waɗanda za su iya auna ta da kansu.