Daga Odense zuwa Zariya: Tatsuniya Ba Ta Da Gari Ɗaya

Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce a makaranta, a Kazaure ne ko Roni ko Gwiwa, ya ɗanɗani wani abu daga ƙasar Denmak, ko da bai sani ba. Cikin littattafan da Abubakar Imam ya duba lokacin da yake rubuta shi a Zariya a 1936, akwai tatsuniyoyin Hans Christian Andersen, tare da na 'yan'uwan Grimm na Jamus da Dare Dubu da Ɗaya.

An haifi Andersen a garin Odense ranar 2 ga Afrilu, 1805. Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, mahaifiyarsa kuma wankau take yi. Yana ɗan shekara 14 ya tafi Kofanhagan neman zama ɗan wasan kwaikwayo, bai dace ba. A 1835 ya fara buga tatsuniyoyinsa, kuma na farkon daga bakin tsofaffin mata ya ji su tun yana yaro. Labarinsa na sarkin da mayaudara suka yi wa rigar da ba a gani, daga wani littafin Sifaniya na ƙarni na 14 ya samo shi. Ya rasu ranar 4 ga Agusta, 1875, bai taɓa aure ba.

Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya bi wannan hanya. Ya ɗauki labaran baƙi ya sa musu babbar riga da rawani, ya zaunar da su a fadar Sarki Abdurrahman, ya sa aku ya riƙa ba da su da karin magana irin namu, har mai karatu ya rantse a Hausa aka haife su. Ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya rasu a Zariya a 1981.

Yau ana yawan zargin marubuta da 'yan fim na Hausa da kwaikwayo. Tarihin mutanen nan biyu na nuna cewa aro ba shi ne aibi ba. Aibin shi ne a aro kaya a kasa ɗinke su daidai da jikin mai sawa. Yaron da ke aji huɗu a Babura yana jiran wanda zai yi masa wannan ɗinkin.